Kofin Dorathy

Wata shida Dorathy ta yi a ɗakin bayan rumbu tana jinyar tarin fuka, daga ita sai addu'a. Ranar da likita ya ce ta warke, saurayinta Nathan ya taho daga gona, ko ƙafa bai wanke ba.

Ta kasa haɗa ido da shi. "Na yafe maka alkawarinmu, Nathan. Dubi yadda na lalace."

Ya ɗauki kofinta, wanda ko ƙannenta ba sa taɓawa, ya sha ruwa.

"Ke na roƙi Yesu ya bar mini. Lahadi za a sanar da aurenmu a coci."

Hawaye suka zubo mata tana dariya. "Na gode wa Ubangiji. Amma ka bari in ɗan murmure, rigar aure ta zauna mini."