Kafaɗar Mai Jefa Birgi

An yi wani masunci a bakin gulbi, gwanin jefa birgi, ragar nan da ake wurgawa ta buɗe a kan ruwa. Wata rana santsi ya kwashe shi a kan dutse, ya dafa ƙasa da hannun dama, kafaɗa ta goce. Maɗorin garin ya ja, ya murza, ƙashi ya koma gurbinsa. Ya rataye masa hannun a wuya da tsumma, ya ce in zafi ya lafa a kwance. To, mutumin naka ya sha azabar da bai taɓa sha ba, sai tsoro ya kama shi. Zafi ya lafa, ya ƙi kwancewa, har damina ta wuce yana lallaɓa hannu. Da ruwa ya ja baya, masunta suka fita, shi ma ya kwance tsumma ya ɗauki birgi. Hannu ya ce bai san zancen ba, iyakarsa ƙirji. Hankalinsa ya tashi ƙwarai, don ba shi da gona, birgin nan ne ke ciyar da gidansa.

Ya koma wurin maɗori. Tsohon ya bayyana masa cewa ƙashin cinya a ƙugu yake zaune kamar taɓarya a turmi, amma kan ƙashin hannu gurbinsa ba zurfi. Tsokoki huɗu ne daga allon kafaɗa suka rungume shi da jijiyoyinsu, su ke juya shi duk inda aka so, in kuwa aka hana su aiki sai gaɓar ta ƙage. Ya ƙara da cewa maganin motsi ne, kaɗan-kaɗan. Da matar masuncin ta ji haka, sai ta rataye ƙwaryar furarsa a ragaya, ta ce, "Maigida, da dama za ka sauke, ko ka wuni da yunwa." Kullum takan ɗan ɗage igiyar ba ta faɗa masa ba. Yana mita, yana gumi, yana saukewa, don ciki ba ya jin lallashi. Ran nan ya miƙa hannu ya sauke, ya sha ya ƙoshi, sannan ya lura ragayar ta kai rufin ɗaki. Bai tsaya ba sai gulbi. Birgin bai buɗe kamar dā ba, amma ya buɗe, kuma ranar an ci tuwo da miyar tarwaɗa a gidan.

Gaskiyar masu iya magana da suka ce: zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi.