Gwiwoyin Kaka

Bayan an kai Kaka makwancinta, falon ya cika maƙil, kowa da labarinsa a kanta. Kawu ya tuna yadda ta goya 'ya'ya da jikoki har da tattaɓa-kunne, ba ta taɓa cewa bayanta ya gaji ba. Wata ta tuna bakinta: duk jaririn da aka kawo sai ta juya shi ta ce ya ɗebo hancin maƙwabta. Aka yi dariya, aka share hawaye.

Auta, ƙaramar jikarta, tana zaune a bakin ƙofa da jaririnta a cinya. Ita ta fi kowa kuka, don a ɗakin Kaka ta girma. Yaron kuwa tun safe yake tsala ihu, ya ƙi nono, ya ƙi barci.

Goggo ce ta taso. Babbar 'yar Kaka ce, mace mai sanyin murya, ba a taɓa jin kanta da kowa ba. 'Ya'ya biyu ta haifa, duka suka koma suna jarirai, cikin barci. Kaka ta je ta ɗauko ta daga gidan miji, tun daga nan ba su sake rabuwa ba, ɗakinsu ɗaya, kwanonsu ɗaya. Daga baya ɗan Kawu na fari shi ma ya tafi haka, ranar da Kaka ta leƙa kasuwa. A shekarar gwiwoyinta suka fara ciwo, ta daina fita.

Ciwon nan har zolayarta ake yi da shi. Tsohuwa ta hau bene shanya da safe garas, amma da zarar an shigo da jariri sai ta ce, "Wash, gwiwata!" ta damƙe hannun Goggo ta jingina, ba ta saki sai baƙi sun tafi. Shi ya sa duk tulin hotunan da ke jikin bango, babu ɗaya da Goggo ke riƙe da yaro.

"Kawo shi ki huta, 'yar nan," in ji Goggo. "Na iya sa su shiru."

Auta ta miƙa mata da godiya. Goggo ta rungume shi, ta wuce ɗakin ƙurya, ta tura ƙofa. Ihun ya ci gaba da fitowa, can ƙasa-ƙasa.

Ana haka ƙanwar Kaka ta iso daga garin da take aure, ita kaɗai ta rage cikin sa'o'insu. Aka yi ta yi mata sannu da hanya. Fuskoki take bi ɗaya bayan ɗaya, jaka har yanzu a hannunta.

"Ina yarinyar?"

Aka ɗan yi murmushi, don Goggo take nufi da yarinya, ga kanta ya yi fari fat da furfura.

"Tana ciki, Inna," in ji Kawu. "Kada ki damu, za mu kula da ita."

Sai ihun ya yanke, tamkar an kashe rediyo.

Auta ta sauke ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi, ya yi barci. Allah ya saka wa Goggo. Ta ƙarar da rayuwarta tana tallafe Kaka da gwiwoyin nan, yau kuma ga ta da ɗana."

Jakar ta suɓuce daga hannun tsohuwar. Ta nufi ɗakin ƙurya tana tuntuɓe da ƙafafun mutane.

"Ku ɓalle ƙofar nan! Yayata ba ta taɓa ciwon gwiwa ba. Hannun Goggonku take riƙewa, tun ranar da ta dawo kasuwa ta iske shi a kan fuskar ɗan Kawunku."