Rubutun Cikin Murfi

Kwana tara ke nan sabon injin ban-ruwansa bai ko yi tari ba, tumatir sai yaushi yake. Ya ɗauki sifana, wakilin kamfanin da ya sayar masa da injin ya riƙe masa hannu.

"Malam, kada ka taɓa hatimin nan. Makanikinmu na Kaduna kaɗai ke buɗe shi."

"Injin nawa ne ko naku?"

"Naka ne. Cikinsa ne namu."

Malam ya ajiye sifanar. Ya nufi Bakori, ya sayo wani tsohon inji da ya ji jiki. Shi ma kwana biyu ya yi ya mutu. Ya zage shi tas, ya kwance murfin a fusace.

Sai ya yi turus. Cikin murfin duk rubutun ƙusa ne, hannu daban-daban, wani da ajami, wani da boko. "In ya shaƙe, busa nan." "Wayar keke ma tana yi."

Ya busa. Ya ga wata kafa tana yoyo, ya toshe da robar silifas. Injin ya tashi, ruwa ya malala cikin lambu.

Kafin ya mayar da murfin, ya nemo ƙusa.