Tambari Na Huɗu

Karo na uku ke nan tana ɗaga murfin injin, tambarin yana ɓarewa ya biyo takarda. Ta ƙara zafi, ta ƙara matsi, duk a banza. Shekara bakwai tana buga riguna a shagonta na Yakasai, ba ta taɓa ganin yadin da ya ƙi karɓar bugu haka ba.

"Alhaji, rigunan nan sababbi ne kuwa?"

Alhajin, shugaban wata ƙungiyar tallafa wa marayu, ko ɗago kai daga wayarsa bai yi ba. "Malama, injinki ne ya tsufa. Gobe baƙi za su zo rabo, ki hanzarta."

Ta ɗaga rigar ta saita ta da hasken ƙofa. Tsohon gam ya bar inuwa a ƙirjin: sunayen masu ba da taimako har uku, wani kan wani, duk an kankare.

"Wannan ai an sha buga ta."

"To sai me? In an gama hoto mukan karɓe abinmu, a wanke a ajiye. Kowane baƙo da tambarinsa. Yara ne, lalatawa za su yi."

Ta juya rigar za ta ninke masa kayansa, sai idonta ya sauka cikin wuyan. Ga wani rubutu da biro, da hannun mai koyon rubutu, wanki bai gama cinye shi ba: "Tawa ce."

Ta miƙa hannu ta kashe injin.