Wane Jaki Ya Rubuta Wannan?

Lauya Horatiu Muresan bai gama shirya takardunsa ba, Ilinca, lauyar ɗaya ɓangaren, ta miƙe a kotun birnin Sibiu.

"Ranki ya daɗe," ta ce wa mai shari'a, "wannan bawan Allah albashin kamfanin kujeru yake ci. Mu kuwa kamfanin katako muka kawo ƙara. Ba shi da hurumin tsaya musu."

Horatiu ya yi murmushi. Kamfanonin biyu ai na mutum ɗaya ne, ga shi nan zaune a bayansa, ya kuma riga ya ce masa in shari'ar nan ta lalace ya nemi wani aikin. Shekara ashirin yana lauya, yarinyar da ta gama makaranta jiya ce za ta koya masa doka?

Ilinca ta buɗe wata tsohuwar mujallar lauyoyi ta karanta: "Lauya mai cin albashi yaron ubangidansa ne. Barinsa ya tsaya wa wani kamfani, ko da na maigidan ne, raina kotu ne."

"Ranki ya daɗe, yunwa ce ta rubuta wannan," in ji Horatiu. "Irin lauyoyin nan ne da aka ƙi ɗauka aiki, sai hassada. Wane jaki ne ma?"

Mai shari'a ta karɓi mujallar, ta duba ƙasan shafin, ta daɗe tana kallonsa ta saman tabarau.

"Horatiu Muresan," ta karanto sunan marubucin.

Ya zauna a hankali, ya tuno shekarar da ya yi rubutun, lokacin kowa ya ƙi ɗaukarsa aiki. Maganar yunwar dai bai yi ƙarya ba.