Kwamfutar Ɗakin Malam

Karo na huɗu ke nan tun hantsi. Nusaiba tana tsakiyar buga wani layi, fuskar kwamfutar ta yi shuɗi, sannan ta ɗauke ɗif. Ta janye hannunta da sauri kamar wadda ta taɓa garwashi. Ba matsalar wuta ba ce, don sola ce a gidan, ga fitila ma tana ci.

Wata biyu ke nan tana kwafe littattafan mahaifinta, marigayi Malam Hayatu, wanda ya shekara arba'in yana karantarwa a Riruwai. Rubutun hannu ne, gara ta fara cinsu. Shi ya sa ta kai kwamfutar ɗakinsa na ƙarshen gida, ta zauna daidai inda yake zama.

Yayanta Mainasara ne ya fara ja mata kunne. Ya ce littattafan Baba suna da masu gadi, rauhanai, kuma duk wanda ya buɗe su ba izini, ko dai ya zautu ko a neme shi a rasa. Ranar dariya ta yi. Yanzu kuwa dariya ta ƙare, tsoro ne fal cikinta. Kullum da safe kafin ya fita gona sai ya leƙo, idanunsa jajir.

"Don Allah ki fita daga ɗakin nan, Nusaiba. Ki koma zaure da aikinki."

Taurin kai gado ne a gidan, ba ta fita ba. Amma ta ga abin da ta gani. Ƙofar ɗakin da ta san tana rufuwa lafiya lau ta koma sai an sa kafaɗa. Ƙasa takan zubo daga rufi ba iska ba komai. Wani lokaci takan ji bugu can nesa, ba a kunne ba, a tafin ƙafa. Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne, kwamfutar ba ta taɓa mutuwa ranar Juma'a ba. Da ta gaya wa mahaifiyarta, Inna ta gyara mayafi ta ce ai rauhanai Musulmi ne, ranar suna masallaci.

Ta kira Mu'azu mai gyara daga Tudun Wada. Mutum ne marar surutu, wanda ba ya yarda da abu sai ya kunce shi. Ya buɗe cikin kwamfutar, ya hure ƙura, ya duba fanka, ya auna wuta, ya nemi cuta bai samu ba. Ƙarshe ya ɗaure ta a bayan babur ya tafi da ita shagonsa. Kwana uku tana kunne a can, ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Da ya bugo waya ya gaya mata haka, labarin bai yi mata daɗi ba. Ita so take a ce kwamfutar ce ta lalace. In kwamfuta lafiya take, to ɗakin ne ke nan.

Ranar Talata ya dawo da ita, ya haɗa a inda take, ya ce ba zai tafi ba sai ya ga abin da idonsa. Ta kawo masa ruwa a kofi, ya ajiye kan tebur. Ta zauna tana bugawa, bakinta na motsi da Ayatul Kursiyyu, zufa na bin bayanta.

Ana gab da azahar, fuskar ta yi shuɗi ta ɗauke.

Mu'azu ba kwamfutar yake kallo ba. Kofin yake kallo. Ruwan ciki yana rawa, ya tsaya, ya sake rawa, alhali ba wanda ya taɓa tebur.

"Malama, kin ce duk ranar Juma'a lafiya take?"

"Ko sau ɗaya ba ta mutu ba."

"Akwai wani ƙarfe a cikinta da bai zauna daram ba. A shagona ba abin da ya girgiza shi. A nan ana girgiza shi." Ya dube ta. "Su wa ke hutu ranar Juma'a a garin nan?"

Duk ɗan Riruwai ya san masu haƙar kuza ba sa shiga rami ranar Juma'a. Amma ai ramuka suna can bayan gari, wajen duwatsu, me ya kawo su cikin unguwa?

Mu'azu ya janye tebur a hankali, ya naɗe tsohuwar ledar da ke shimfiɗe a ƙasa. Daɓen ya tsage tun daga bango har ƙarƙashin kujerarta, tsagar da yatsa zai shige. Iska mai sanyi tana fitowa daga ciki, da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya ɗauki 'yar tsakuwa ya saki a ciki. Sun daɗe kafin su ji faɗuwarta.

Ya miƙe, fuskarsa ta sauya. Cikin raɗa ya ce ta bi jikin bango ta fita, kada ta taka tsakiya. Wata biyu ashe a kan ɓawon ƙwai take zaune. Maimakon ta fita, sai ta sami kanta a durƙushe, kunnenta a bakin tsagar.

Ta ji sautin diga, dum, dum, kusa ƙwarai. Sai aka tsaya. Wata murya ta taso daga ƙarƙashin ƙasa, muryar da ta sani tun tana goye, wadda yanzu ya kamata a ce mai ita yana gona.

"Ku sassauta bugun nan," in ji Mainasara. "Har yanzu ƙanwata tana sama."