Dogon Ƙarfen Delbert

Ranar da Delbert ya shigo gida da dogon ƙarfen jan tirela a kafaɗa, matarsa Ardith ta san akwai magana.

Ƙarfe ne da ake zurawa a bayan mota, da dunƙule a bakinsa inda ake maƙala tirelarsu ta kwana, ɗan ɗakin nan mai taya da suke ja zuwa tafki duk shekara tun 'ya'yansu suna rarrafe. Kuma kaf garin babu wanda ya tsani dogon ƙarfe kamar mijin nan nata. Ko kofi aka tsaya sha bayan an tashi daga coci, sai ya yi wa mutane huɗuba a kai. Wai ƙarfe in ya yi tsawo, tirela sai ta riƙa kaɗa gindi a kan titi, nauyi ya danne bayan mota. Ardith ta ji wannan karatu har ta haddace.

"Tsoho, me za ka yi da wannan?"

"Arha na gani," in ji shi, bai ko dube ta ba.

Amma ita ba yarinya ba ce. A cikin huɗubar tasa ta san amfanin dogon ƙarfe ɗaya ne tak: motar da ke goye da safayar taya a ƙofar baya, don kada tayar ta daki hancin tirela. A-kori-kurar Delbert ba ta goye da komai. Ita kuwa Ardith ba ta da mota, rabonta da tuƙi tun da gwiwarta ta daina iya taka kuloci. A layinsu gaba ɗaya mota ɗaya ce mai irin wannan goyo, farar jif ɗin Maxine, irin motar nan marar kuloci, mai canja wa kanta giya. Maxine tsohuwar nas ce, mijinta ya rasu bara.

Sai Delbert ya tsiri fita duk Talata, wai zai leƙa shagon kayan gyara. Wata Talata Ardith tana zaune wurin mai gyaran gashi, ta hango farar jif ta tsaya a danja. Ga mijinta a ciki ya kwantar da kai, ido a lumshe, hannun Maxine a kafaɗarsa. Mai gyaran gashin ma ta gani, ta yi sauri ta kawo zancen tsadar ƙwai.

Daga nan komai ya riƙa fitowa fili. In ya dawo ranar Talata, sai ya ture farantin gasasshen naman da a da yake suɗewa, alamar an ƙosar da shi a wani wuri. Ya ƙara huji a bel ɗinsa. Ya aske kansa ƙwal, ya sayi sabuwar hula, tsofai-tsofai da shi wai shi ɗan gaye. Da yamma kuma sai ta gan shi tsugune a bayan motar Maxine da abin awo, yana gwada ƙarfen nan, yana cirewa, yana sake gwadawa.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne kirkin da ya ƙara. Ya kama hannunta ya nuna mata inda ake rufe ruwan gida, da yadda ake kunna gas ɗin tirela, da inda ake cusa katako a ƙarƙashin taya. Mutum ne yake miƙa kaya kafin ya kama gabansa, ta gane sarai. To amma tirelar fa? A cikinta suka yi amarci, ita ta ɗinka labulayenta da hannu. Ita zai maƙala wa motar wata?

Ba ta yi faɗa ba, ba halinta ba ne. Ta kwashe matashinta ta koma tsohon ɗakin 'yarsu, ta daina zama da shi a tebur. Sau biyu yana tsayawa a bakin ƙofa kamar mai son magana, ita kuma ta juya wa bango fuska har ya ja ƙafa ya tafi. Can ta yi kukanta, don wallahi tana son tsohon nan, kuma abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Da lokacin zuwa tafki ya zo, da safe ta ji ƙarar mota a ƙofar gida. Ta leƙa. Farar jif ce, an riga an maƙala mata tirela, dogon ƙarfen ya zauna daram, safayar ba ta taɓa komai ba. Ardith ta ɗauko jakar da ta shirya masa tun jiya, har da safar ulu saboda sanyin bakin ruwa. Ta wanke fuska ta fita, don kada a ce ta ɓuya.

Maxine ce ta tare ta, idonta jawur. Ta danƙa mata makulli a hannu.

"Motar taki ce, Ardith. Ya saye ta tun watan jiya. Ni kam na gaji da rufa masa asiri, ki je ya faɗa miki da bakinsa."

Ta juya ta nufi gidanta a ƙafa.

Ardith ta buɗe ƙofar direba. An matso da kujerar gaba sosai, daidai gajerun ƙafafunta. Delbert yana zaune a kujerar gefe, inda bai taɓa zama ba tun da ta san shi sai a motar nan, hular tana masa yawa.

"Shigo, tsohuwa, mu fara da ribas, don dogon ƙarfe ba ya yafe ganganci," ya ce. "Na so in gama shirya miki komai kafin in faɗa. Likitan da Maxine take kai ni wurinsa ya ce ciwon nan ba zai bar ni ba, baɗi ke kaɗai za ki ja tirelar."